Sake Cika Harsashin Takarda a Amurka

Abin da ke fara sosa ran maharbin da ya tashi a ƙasar Hausa, idan zama ya kai shi Amurka har ya saba da filayen da ake wasan harbin faifai a sama, shi ne yadda kwanson harsashi ke zube birjik a ƙasa bayan an tashi, a share shi a juye a shara, alhali sau ɗaya tak aka harba shi. A wannan wasa ana cilla faifai 25 a kowane zagaye, kwalin harsashi ma 25 yake ɗauka, don haka a babbar gasa irin Grand American, wadda ake yi a Sparta ta jihar Ilinois tun 2006, abin da ake zubarwa ya wuce lissafi. Wanda ya san darajar harsashi guda a hannun mafarauci a gida ba ya iya kallon wannan ba tare da zuciyarsa ta yi nauyi ba.

Sai dai akwai 'yan tsirarun da ke tsince kwansonsu su koma da shi gida, kuma a cikinsu masu son na takarda su ne suka fi jan hankali. Harsashin takarda bututu ne na takarda mai kauri da aka naɗe aka jiƙa da kaki, gindinsa na ƙarfe mai launin tagulla, a tsakiyar gindin kuwa akwai 'yar hular da allurar bindiga ke bugawa ta tayar da wuta. Shi ake amfani da shi ko'ina har zuwa 1960, lokacin da kamfanin Remington ya fito da na roba, Winchester kuma ya biyo baya da samfurinsa AA a 1965, daga nan takarda ta yi ta ja da baya, ko da yake kamfanin Federal da ke Anoka a jihar Minesota ya ci gaba da yin ta saboda 'yan gasa. Masoyanta suna cewa dukanta a kafaɗa ya fi sauƙi, suna kuma yabon ƙamshin da take bari bayan harbi. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce takarda tana ruɓewa a daji, roba kuwa tana nan shekara da shekaru.

A nan ne sha'awa ke shiga, domin Ba'amurke yana yin aikin sake cika kwanson ne a ɗakin ajiye motarsa, da ɗan inji mai hannu irin MEC 600 Jr. da ake ƙerawa a Mayville ta jihar Wiskonsin, wanda ke fitar da tsohuwar hula, ya mai da gindi daidai girmansa, ya sa sabuwa, ya zuba albarushi da toshi da ƙwayoyin dalma, sannan ya rufe baki. Dokar tarayya ba ta neman lasisi daga mai cika wa kansa, sai in zai sayar. Abin da ya fi injin daraja shi ne littafin awo, kamar na kamfanin Lyman, inda aka gwada kowane haɗi na kwanso da hula da albarushi da toshi aka rubuta ƙarfin matsin da yake haifarwa a cikin bindiga. Ƙa'idar masu aikin ita ce ba a musanya ko abu ɗaya daga haɗin da aka buga, kuma ana tabbatar da nauyin albarushi a sikeli, ba a yarda da ma'aunin injin kaɗai.

Takarda tana da nata sharuɗɗa. Ba ta jure cikawa sai 'yan lokuta kaɗan, saboda haka ana ɗaga kowane kwanso a haske a duba daidai inda takarda ta haɗu da ƙarfe, domin nan ne wuta ke fara huda ƙananan ramuka kamar bakin allura, kuma duk wanda aka ga haka a jikinsa ya gama aiki. Ana leƙa ciki a tabbatar toshin gindi bai saki ba, don idan ya fita ya maƙale a bututun bindiga, harbi na gaba na iya fasa ta. Laima kuma tana kumbura takarda har ta ƙi shiga bindiga, abin da duk wanda ya ajiye harsashi a damina ya sani. Bakin kwanson takarda ninki shida ake yi masa, idan kuma ya yi laushi wasu kan yanke shi kaɗan, su ɗora 'yar takarda mai kauri a kan dalma, su naɗe gefen zuwa ciki, yadda aka saba yi a da. Albarushin da ake sa wa waɗannan harsasai marar hayaƙi ne, ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi, kuma zuba shi a bindigar toka ganganci ne da ke cin hannu ko rai.

Idan aka tambayi masu zubar da kwanso dalilinsu, amsar ba ta wuce farashi ba. Dalma, wadda ake sayarwa a buhu mai laba 25, ta yi tsada har ribar cika harsashi mai lamba 12 ta zama kaɗan, tunda shi ne kamfanoni suka fi yi da araha, sai a ƙananan harsasai irin masu lamba 28 da .410 ne aikin ke biyan wahalarsa. Lissafin daidai ne, amma bai wanke almubazzarancin ba, kuma da aka yi ƙarancin hula da harsashi a 2020 da 2021 an ga waɗanda ba su taɓa sunkuyawa ba suna tsintar kwanso. Mafaraucin gida ya fi su sanin tattali, wannan abin alfahari ne. Amma shi da tafin hannu yake awo, kuma yatsun da bindigogin maƙera suka cire a ƙauyuka shaida ne cewa tattali ba ya maye gurbin sikeli. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana haɗa harsashi sai a wuraren da hukuma ta amince, saboda haka ba a sa ran wani littafin awo ya isa hannun maharbi ta halastacciyar hanya, ko da yana da lasisin bindigarsa.

Ko a Amurka fagen takarda ya ƙuntata, domin tun 1991 aka haramta harbin agwagin ruwa da dinya da dalma a duk ƙasar, ƙwayoyin ƙarfen da suka maye gurbinta kuwa suna bukatar toshin roba mai kauri don kada su karce bututu. Abin da ya rage wa harsashin takarda shi ne filin gasa, da farautar tsuntsayen tudu, da tsoffin bindigogi masu baki biyu da aka ƙera tun kafin zuwan roba.