Fasfo Ya Riga Baki Magana

Shekara tara ya yi yana koyar da Turanci a wata makarantar sakandare a Zariya, babu wanda ya taɓa tambayarsa ko shi ɗan asalin harshen ne. Da Turanci ya rubuta jarrabawar WAEC, da shi ya yi digiri, da shi yake cin abinci. Sai ranar da ya zauna cike fom ɗin neman aikin koyarwa a Koriya ta Kudu, ya iske wani ɗan akwati da ke so ya zaɓi ƙasarsa daga cikin bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ayalan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Ya bi jerin sau biyu. Babu Najeriya.

Bizar da Koriya ke bai wa masu koyar da harsunan waje ana kiranta E-2, kuma a ɓangaren Turanci waɗannan ƙasashe bakwai ne ake ɗauka a matsayin masu harshen. Matashi Ba'amurke da ya gama digiri jiya a kowane fanni, ko alli bai taɓa riƙewa ba, ya cika sharaɗi. Malamin da ya kai ɗaruruwan ɗalibai ga cin jarrabawa bai cika ba. Dalilin a fili yake: jami'in shige da fice ba shi da lokacin sauraron lafazin kowa, fasfo kuwa ana duba shi cikin minti guda. Makarantu masu zaman kansu kuma suna sayar wa iyaye abin da iyayen ke son saye.

Ana cikin haka wani dillali ya ɓullo ta WhatsApp, ya ce a bar batun Koriya, akwai aiki a ƙasar Sin. Zai samo masa bizar ziyara, in ya sauka sai a gyara sauran. Kuɗin da ya yanka kuwa sai an sayar da filin da malamin ya gada kafin a haɗa su. Har ya fara yi wa filin ciniki. Matarsa ce ta tsayar da shi wani dare bayan sallar isha'i. Ta ce, "Malam, wanda ya ce zai ba ka aiki, me ya hana shi aiko maka da takarda?"

Tambayarta ta taɓa gindin al'amarin. Bizar aiki daga mai ɗaukar aiki take farawa. A Sin, makaranta ce ke nema wa malami takardar amincewa da izinin aiki daga hukuma; da ita zai je ofishin jakadanci ya karɓi bizar Z; bayan ya shiga ƙasar, yana da kwana 30 ya mayar da ita izinin zama. Wanda ya tsallake wannan layi ya shiga aji da bizar ziyara, dokar shige da fice da ta fara aiki a 2013 ta tanadar masa tarar yuwan 5,000 zuwa 20,000, in laifin ya yi tsanani a tsare shi kwana 5 zuwa 15, ana kuma iya korarsa daga ƙasar. Irin wannan malami ba ya iya kai ƙara in an hana shi albashi, domin zuwa wurin hukuma tona wa kai asiri ne. Ga shi kasuwar kanta ta ragu tun Yulin 2021, lokacin da gwamnatin Sin ta hana kamfanoni cin riba da darussan bayan makaranta a manyan darussan yara, ciki har da Turanci.

Ya janye daga cinikin filin, dillalin kuma ya daina amsa saƙo.

Bayan watanni ya gano cewa Japan da wani ma'auni take awo. Ga mai son koyar da harshen waje a makarantun firamare da sakandare, abin da ƙa'idar bizar ke nema, bayan digiri, shi ne ya yi karatu da wannan harshe na aƙalla shekara 12. Ba a ambaci launin fasfo ba. Ya ɗauki biro ya yi lissafi. Firamare shida, sakandare shida, jami'a huɗu: 16. Ya cire ukun farko, tunda a zamaninsu da Hausa ake fara karatu kafin a koma Turanci a aji huɗu. Saura 13. Karon farko ke nan da tarihin karatunsa ya zama hujja a gare shi.

Hanyar dai doguwa ce. Sai wata makaranta ko kamfani ya ɗauke shi tukuna, sannan ya nema masa takardar shaidar cancanta daga hukumar shige da fice ta Japan, wadda kan ɗauki wata ɗaya zuwa uku, kafin a yi maganar biza. Yana kuma tara kuɗin kwas ɗin CELTA na Cambridge, mai awa 120 da awa shida na koyarwa a gaban mai sa ido, don ya ƙara wa takardunsa nauyi. Masu ɗaukar aiki da dama har yanzu sun fi son fasfon Amurka, ya sani. Wasiƙu biyar ya aika, biyu suka amsa, ɗaya ta sa masa ranar ganawa ta bidiyo.

A makon jiya ya koma tsohuwar firamarensa neman wasiƙar da za ta shaida harshen da aka koyar da shi. Hedimasta ya saurare shi, ya yi murmushi, ya ce, "Malam, mu da muka yi ta dukanku saboda yin Hausa a aji, yau kuma shaida ake nema?" Ya jawo takarda ya fara rubutu.