Dattijon Da Ke Tara Lofe Da Kuɗin Mudun Gero

A garin Azare, hedkwatar masarautar Katagum a Jihar Bauci, akwai wani dattijo, tsohon malamin makarantar firamare, wanda ya ɗauki wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba maƙwabtansa mamaki. Shi dai bai taɓa kai taba bakinsa ba, ko ta sha ko ta ci, amma ya shafe shekaru yana bin kasuwannin ƙauye yana sayen tsofaffin tukwanen taba, watau lofe, yana adanawa. Waɗansu sun ce ɓarnar kuɗi ce kawai. Waɗansu kuwa sun ce bai kamata a ga kayan mashaya taba a ɗakin mutum mai kamun kai irinsa ba.

Asalin abin kuwa gado ne. Mahaifinsa manomi ne a tsohon garin Katagum, yana da 'yar fadama inda yakan shuka taba da rani, kuma tari ne ya yi ajalinsa bayan doguwar jinya. Da aka zo rabon gado sai aka tarar da lofensa na yumɓu a cikin adaka, babu wanda ya so shi, Malam ya ɗauka. Daga baya ya shiga tambayar wanda ya gina shi, ya rasa mai ba shi amsa, sai wata tsohuwa ce ta tuna da unguwar maginan, ta kuma shaida masa cewa duk sun ƙare, jikokinsu sun kama waɗansu sana'o'i. A nan ne ya gane cewa sana'a sukutum tana iya ɓacewa a tsakanin uba da ɗa, ba tare da kowa ya lura ba.

Malam yakan bayyana wa masu ziyartarsa cewa wannan ƙaramar tukunya shaida ce ta tarihi. Ita taba asalinta daga nahiyar Amurka take, kuma ta bazu a Afirka ta Yamma ne wajejen shekarar 1600. Tun zuwanta malamai suka yi saɓani a kanta. Shehu Ahmad Baba na Tumbutu ya yi rubutu a 1607 yana ganin halaccinta, alhali kuwa waɗansu malaman zamaninsa sun haramta ta. Saboda an san lokacin zuwan nata, masu haƙar kufai domin binciken tarihi sukan dogara da fasassun tukwanen taba wajen kimanta shekarun mazauni. Ƙasar Katagum kuwa tana kan tsohuwar hanyar fatake tsakanin Kano da Barno, hanyar da Bature Kilafatan ya biyo har ya sauka a birnin Katagum a 1824. Bayan an mayar da hedkwatar masarautar Azare a 1916, ciniki ya bi sarauta, kayan ƙasashe dabam dabam suka riƙa shigowa gidajen mutane. Sigari ne ya zo ya ture lofe, musamman bayan da aka buɗe masana'antar taba a Zariya a 1959.

To, yaya mai ɗan fansho ya iya tara irin waɗannan kaya, ga iyali, ga tsadar rayuwa? Malam ya kafa wa kansa ƙa'idodi ne, bai kuma yarda ya ƙetare su ba.

Ta farko, ba ya sayen lofen da kuɗinsa ya wuce na mudun gero a ranar. In gero ya hau, iyakarsa ta hau, in ya sauko, ta sauko. Da haka bai taɓa cin hakkin tukunyar tuwo domin tukunyar taba ba. Akwai lokacin da wani dillali ya kawo masa lofen tagulla mai zane, irin wanda aka san maƙeran Fumban ta Kamaru da yinsa, ya sa masa kuɗin da ya kusa na tunkiya. Malam ya juya shi, ya yaba aikin, ya zana siffarsa a takarda, sa'an nan ya mayar masa da abinsa.

Ta biyu, ba ya zuwa inda masu kuɗi ke saye. Ba ya bin masu sayar da kayan gargajiya a bakin manyan otal-otal na birane. Wurin 'yan koli yake zuwa, da 'yan gwangwan, da masu baza tarkace a gefen kasuwannin Gamawa da Yana da Giyaɗe, kuma yakan jira sai kasuwa ta kusa watsewa. Mafi yawan abin da ya samu ma kyauta ne daga tsofaffin ɗalibansa, waɗanda kan tuna da shi duk sa'ad da ake share ɗakin wani tsoho.

Ta uku, ba ya raina fasasshe. Lofen da bakinsa ya ɓantare ya fi araha nesa ba kusa ba, alhali zanen magini yana nan a jikinsa, kuma zanen shi ne abin nema.

Ta huɗu, wadda ya fi ba muhimmanci, ita ce rubutu. Yana da littafi irin na rajistar makaranta, inda yake rubuta ranar da ya sami kowane lofe, da garin, da sana'ar mai shi, da abin da aka faɗa masa game da wanda ya yi shi. A ganinsa lofen da ba a san asalinsa ba katanga ce kawai, komai kyaunsa.

Wanda ya duba akwatinsa zai ga iri iri. Ga na jan yumɓu da na baƙi, waɗanda ake zura wa kara a matsayin bututu. Ga waɗanda dukawa suka naɗe wa bututun da jar fata. Ga kuma 'yan ƙalilan na katako ƙirar Turai, waɗanda ake sassaƙawa daga saiwar wani ɗan itace na bakin Bahar Rum, ɗaya daga ciki ya fito ne daga gidan wani tsohon soja da ya je yaƙin Bama. Yana gane tsoho na ainihi ta baƙin da ya daskare a cikin tukunyar, da sawun haƙori a bakin bututun, domin masu algus sukan turara wa sabo hayaƙi ta waje, su manta da ciki. Wajen gyara kuwa ba ya kashe ko kwabo. Busasshen tsumma ne, da gashin kaza na share bututu, da ɗan man kaɗanya ga na katako. Ba ya wanke na yumɓu, kuma yana ɗora akwatin a kan duwatsu saboda gara.

Akwai iyakar da bai taɓa kusanta ba. Samari sun sha kawo masa abin da suka tono a kufai, yana ƙi, yana kuma yi musu faɗa. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda aka ba izini, ta kuma hana fitar da su waje ba da takarda ba. Ban da doka ma, abin da aka zare daga inda yake kwance ya rabu da labarinsa ke nan.

Game da masu zarginsa da ɗaukaka shan taba, amsarsa a fili take. Ya ga yadda mahaifinsa ya ƙare, ya kuma san Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara. Yana goyon bayan dokar 2015 da ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba, kuma babu wanda ya taɓa kunna wuta a lofe ko ɗaya a gidansa. Mai adana takobin kakansa ba yaƙi yake kira ba.

Abin da ke damunsa yanzu shi ne makomar akwatin. 'Ya'yansa suna girmama shi, amma babu mai sha'awar abin a cikinsu, kuma ya san yadda ake yi da tarkacen mamaci. Saboda haka ya yi wasiyya cewa kada a raba kayan da littafin, a miƙa su tare ga gidan tarihi ko wata makaranta da za ta iya riƙewa.

Ya kai mai karatu, kusan kowane tsohon gida a ƙasar Hausa yana da irin wannan adaka, ko da ba lofe ne a ciki ba. Wani mazari ne, wani ƙoshiya, wani tsohon ma'aunin 'yan koli. Adana su ba ya bukatar dukiya, sai haƙuri da alƙalami, da kuma tambayar tsofaffi tun suna raye. Da yayyafi kogi kan cika. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya ba shi magajin da zai san darajar abin da ya tara, amin.