Miyar da na tarar a Bankok



A shekara ta 2018 fatauci ya kai ni Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, domin sarin tufafi a kasuwar Pratunam. Birni ne mai zafi da gumi, wanda kogin Cawo Paraya ya ratsa. Kwana uku na yi ba na cin komai sai burodi da ayaba, saboda naman alade ya yawaita a girkinsu, ni kuwa ba na jin harshensu balle in tambaya. A rana ta huɗu jiri ya fara ɗibata.

Wata abokiyar tafiya ce ta ja ni unguwar Bang Rak, inda tsohon masallacin Haruna yake. A wani lungu muka tarar da wata dattijuwa musulma a gaban tukunyarta. Ta dube ni, ta nuna mani kujera, ta zubo farar miya da shinkafa. Kurɓa ɗaya na ji tsami da gishiri da yaji da garɗin kwakwa, babu wanda ya danne wani.

Sunan miyar tom ka gai. Tom dafawa ke nan, gai kaza, ka kuwa wata saiwa ce ƴar'uwar citta, mai ƙamshi daban. Da hannu dattijuwar ta koya mani. Ana goge kwakwa a matse: matsar farko mai kauri a ajiye ta gefe, ta biyu mai ruwa-ruwa ita ake ɗorawa a wuta. A zuba yankakkiyar saiwar, da dakakkiyar ciyawar sitironal irin wadda muke sa wa shayi, da ganyen wani lemu nasu mai ƙarfin ƙamshi. Sai kaza ƙanana-ƙanana da lemar kwaɗi irin ta ci. In ta nuna, a ƙara matsar farko, da tonka, da ruwan kifi mai gishiri da suke kira nam pla, wanda yake a wurinsu kamar daudawa a wurinmu. Lemun tsami sai an sauke tukunya. Saiwar da ciyawar ba a tauna su, ƙamshi kawai suka zo bayarwa.

Da na komo Maraɗi na yi wa maigida da yara alkawarinta. Ranar farko na ji kunya. Na hura wuta kamar ta tuwo, madarar ta tsinke; na matsa lemu tana tafasa, ta yi ɗaci; na cika citta a madadin saiwar, ta rufe komai. Yara suka ture kwano.

Sai na tuna dattijuwar ba ta taɓa barin tukunyarta ta yi bori ba. Na rage garwashi, na sa citta kaɗan, na kankare bayan lemun tsami a madadin ganyen, ina ɗanɗanawa ina gyarawa. A karo na uku aka suɗe kwano.

Ba zan ce ta Bang Rak ce ba, domin citta ba ta zama waccan saiwa. Amma duk ranar da na dafa ta nakan tuna matar da ta ciyar da baƙuwa, ba ta san ko sunana ba. Allah ya saka mata da alheri, amin.