Iran: Watan da Ake Kakkaɓe Gida, a Sassauta wa Ciki

Baƙon da ya sauka Tehran a farkon Maris zai ga dardumomi rataye a barandar benaye, tagogi a buɗe duk da sauran sanyi, labulaye kuma shanye a kan igiya. Watan Esfand ke nan, na ƙarshe a kalandar Iran. Sabuwar shekara, wato Nauruz, tana kamawa ranar 20 ko 21 ga Maris, lokacin da tsawon dare da rana ke daidaita, hunturu ya janye, itatuwa su fara toho. Biki ne da ya girmi zuwan Musulunci ƙasar, kuma a 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware masa ranar 21 ga Maris.

Kafin wannan rana babu gidan da ke son a same shi da ƙura. Aikin da suke kira khane tekani, kakkaɓe gida, ya wuce shara da goge-goge. Ana janye kujeru da gadaje daga inda suka shekara, a wanke bango, a sauke duk abin da ke cikin kabad, a ware tufafin da aka daina sawa a bai wa mabuƙata. Dalilin a fili yake: watanni uku an rufe tagogi ana jin ɗumin hita, ga hayaƙin motoci da ke lulluɓe Tehran a lokacin sanyi saboda duwatsun Alborz sun tokare birnin daga arewa. Ga kuma baƙi, domin kusan kwana goma sha uku ake yi ana ziyarar dangi, ana farawa da dattawa.

Darduma ce babbar magana. Ba'iraniye a kanta yake zama, sau da yawa a kanta yake shimfiɗa abinci, wata ma gadonta ya yi daga kakanni. A da, mutanen Tehran kan kai nasu maɓuɓɓugar Cheshme Ali da ke Rey, kudu da birnin, su wanke su shanya a kan duwatsu. Yanzu kamfanonin wanki ne ke zuwa da mota su ɗauka, kuma wanda ya makara sai ya bi dogon layi.

Sai dai aikin yana da nauyi, kuma mafi yawansa a wuyan mata yake. Yana da haɗari ma. Kowace shekara jami'an lafiya kan maimaita gargaɗi biyu: kada a leƙa waje daga bene don goge gilashi, kada kuma a haɗa ruwan bilic da asid ɗin wanke masai. Haɗin nan yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, musamman a banɗaki marar taga. Gargaɗi ne da ya shafi kowane gida, ba na Iran kaɗai ba.

Yayin da ake wannan hidima, kicin ma yana sauya kama. Uwargida kan jiƙa alkama a faranti mako biyu ko uku kafin biki, ta tsira ta yi kore shar, a ɗora ta a teburin Nauruz tare da tuffa, tafarnuwa, khal da samanu, wani zaƙi da ake dafawa daga tsiron alkama ba tare da sukari ba. A kasuwar Tajrish da ke arewacin Tehran, ganye ake saye dami-dami: faski, lawashi, na'a-na'a, ganyen hulba. Abincin sabuwar shekara shi ne sabzi polo, shinkafa dafaffiya da yankakken ganye har ta koma koriya, a ci da kifi, wanda ya samu hali ya nemi farin kifin Tekun Kasfiya. Akwai kuku sabzi, wainar ƙwai da ganyenta ya fi ƙwan yawa nesa ba kusa ba. Akwai kuma ash reshte, miya mai kauri ta taliya da wake da ganye. Ko a ranakun da ba na biki ba, farantin ɗanyen ganye da cuku da burodi ba ya nisa da shimfiɗar abincinsu.

Likitancin gargajiya na ƙasar, wanda ke jingina da littattafan Ibn Sina, malamin da ya rasu a 1037 aka binne shi a Hamadan, yana kasa abinci gida biyu, mai zafi da mai sanyi, yana kuma ba da shawarar rage nama da maiƙo idan hunturu ya wuce. Shi ya sa shagunan masu magani ke cika da kwalaben ruwan kasni da shahtare, waɗanda ake samu ta hanyar dafa tsirrai a tara tururinsu. Shiraz ta yi suna da irin wannan ruwa. Masu sayarwa kan ce yana wanke hanta da jini.

A nan ya kamata a yi hattara. Hanta da ƙoda su ne ke tace jikin mutum dare da rana, kuma babu ƙwaƙƙwarar hujjar likitanci da ta nuna cewa wata kwalba tana yi musu wannan aiki. Mai ciwon hanta ko ƙoda wajen likita ya kamata ya nufa. Ainihin amfanin al'adar yana cikin faranti: ganye mai yawa, wake, kifi da ƙarancin mai. Abin da ke rage masa armashi shi ne kayan zaƙi da ake tarbar baƙo da su a kowane gida har biki ya ƙare ranar 13 ga watan Farvardin, watan farko na sabuwar shekara.