Gawo da Hangen Nesa

Duk wanda ya ratsa gonakin Magarya da Dungas a tsakiyar rani zai tarar da gawo kore shar, alhali yawancin itatuwa sun kaɗe. Da damina kuwa sai ya zubar da ganye, ya bar wa gero hasken rana, ganyen ya zama taki. Ƴaƴansa su ne abincin bisashe idan ciyawa ta ƙare.

Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya ɗora hukunci mai tsanani a kan mai saran gawo. Sarki ne mai ganuwa da igwa, amma ya san cewa rumbu ke riƙe da ƙasa.

Bayan farin 1984, manoman yankin suka farfaɗo da wannan hikima, suna barin tohon gawo a gona maimakon su sassabe shi, ko da yake sai an shekara da shekaru ake cin moriyarsa.

A irin wannan ake gane shugaba, na gari ko na makaranta: ya iya shawo kan jama'arsa su haƙura da itacen girkin yau domin gonar da jikoki za su noma.