Yatsan Inna

Kafin in buɗe baki a gidan rediyo, akwai abin da ba na tsallakewa: in ƙwanƙwasa makirfo, in ce "ɗaya, biyu", in jira injiniya ya ɗaga mini hannu ta bayan gilashi. Shekaru ina yin haka ban ɗauke shi a bakin komai ba, sai da ƙanwata ta mayar da tsakar gidanmu na Kalakla wurin gwaji.

A 2022 tana shekarar ƙarshe a sashen kwamfuta na wata jami'a a Hartum. Malaminsu ya yi yarjejeniya da wani ƙaramin kamfani da ke haɗa manhajar tura kuɗi ta waya: kamfani ya ba da manhajar kafin ta fita kasuwa, ɗalibai kuma su nemo mata aibu. Kamfanin ya riga ya yi nasa gwajin, irin wanda kwamfuta ke kwana tana danna kowane maɓalli da kanta, kuma komai ya fito lafiya. Sai dai a ofishinsu aka yi shi, inda intanet ba ya yankewa, wayoyin kuma sababbi ne.

Ita kuwa ta zo gida ta sa manhajar a tsohuwar wayar Inna mai tsagaggen gilashi, da kuɗin gwaji a ciki. Ta ce, "Inna, tura wa Yaya kuɗin cefane." Inna ta danna, shiru, don sabis ya yi rauni kamar yadda ya saba bayan magariba. Ta sake dannawa, ta kuma ƙara. Da sabis ya dawo, kuɗin sun shigo wayata sau uku.

Ƙanwata ta yi tsalle tana murna. Inna ta ce, "Na ɓata muku abu ko?" Ta ce, "Wallahi Inna, gyara kika yi."

Da farko mutanen kamfanin cewa suka yi laifin mai dannawa ne. Malamin bai yi musu da su ba. Ya sa ɗalibai suka rubuta wata 'yar manhaja da ke rage ƙarfin sabis da gangan, sannan ta yi ta dannawa kamar Inna. Duk lokacin da aka kunna ta, kuskuren sai ya bayyana. Nan kamfanin ya sauko, ya ba kowane turi lambarsa ta daban, ta yadda in lambar ta sake zuwa, za a gane maimaici ne a ƙi karɓa. Kamfani na da manhaja amma yana gaggawar sayarwa, jami'a na da lokacin bin diddigi amma ba ta da abin gwadawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da na zo shirya shiri a kan wannan, na gano manyan kamfanoni ma haka suke yi. Sapienz, manhajar da Facebook ya yi amfani da ita wajen farautar kurakurai a wayoyin Android, daga binciken malaman wata jami'a a Landan ta fito, kamfanin ya ɗauke su a 2017. Tun a 2015 ma ya riƙa rage wa ma'aikatansa ƙarfin intanet na awa guda a ranakun Talata, su ɗanɗana abin da irinmu ke sha.

Ban kai ga watsa shirin ba. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke. Bankuna suka rufe, takardar kuɗi ta yi wuya, abin da 'yan'uwa ke aikowa daga Saudiyya ta waya yake shigowa, ta waya kuma muke biyan kuɗin fulawa da maganin sukarin Inna. A Fabrairun 2024 sabis ya ɗauke gaba ɗaya, sai mutum ya je wurin masu Starlink ya sayi mintoci. Na sha tsayawa a can da sauran kuɗinmu na wata, allon waya na ta juyawa, yatsana na ƙaiƙayi in sake dannawa. Wata manhajar ce daban, kuma abu ɗaya nake tambayar kaina: ko ita ma an taɓa ba wata tsohuwa ta gwada ta?

Kamfanin nan ya watse, ɗalibai ma haka, ƙanwata tana Alƙahira. Tun Maris 2025 da sojoji suka karɓe Hartum mutane ke komawa gidajensu, jami'o'i na share ɗakunan karatu. Roƙona ga masu kamfanoni da malamai shi ne su sake zama tebur ɗaya, kuma idan gwaji ya tashi, su fito da shi kasuwar Kalakla Laffa da rana tsaka, su miƙa wa mai sayar da shayi a wayarta.

Inna dai har gobe sau uku take dannawa. Na daina hana ta.