Layin ƙarshe a littafin mai hoto

A wani ƙaramin shago a Narayi, cikin ƙaramar hukumar Chikun, kudu da kogin Kaduna, akwai mai ɗaukar hoton biki da yake tattalin wani littafi mai baƙin bango kamar yadda yake tattalin kyamararsa. Wani watan Disamba ne ya koya masa hakan, lokacin da bukukuwa ke cunkushewa har mutum ya rasa na zuwa.

A wancan lokaci duk bayanan masu ba shi aiki cikin wayarsa suke: lambobi, saƙonnin murya na WhatsApp, da shaidar biyan kuɗin kafin alƙalami. Amare biyu ya ajiye da suna ɗaya, "Amaryar Asabar". Ta farko 'yar Barnawa ce, aurenta a coci, ta kuma rubuto cewa ya yi talla da hotunanta. Ta biyu daga Unguwar Rimi take, ƙetaren gada. Mahaifiyarta ta ja masa kunne a waya cewa hotunan kamu, inda mata suka saki jiki babu mayafi, na cikin gida ne. Ya ce to, bai rubuta ba.

Bayan mako biyu yaron shagonsa ya duba saƙonni, ya ga "Amaryar Asabar" ta ba da izini, ya ɗora hotunan kamu uku a Instagram. Kafin la'asar an sauke su, amma sun riga sun zaga dangin ango. Hajiya ba ta nemi a mayar mata da kuɗi ba. "Malam, amana muka ba ka," iyakar abin da ta ce ke nan. A wannan sana'a baki ne ke kawo ciniki, daga amarya zuwa ƙanwarta da ƙawayenta. Gidan nan bai sake kiransa ba.

Tun daga nan kowane biki ke da shafinsa. A sama cikakken sunan amarya da na ango. Sai mai biyan kuɗi, wanda sau da yawa kawu ne ko yayar amarya, sai kuma mai yanke magana, domin ba kullum mutum ɗaya ba ne. Ranaku da wuraren kamu, ɗaurin aure, walima ko liyafar bayan coci suna biye, da abin da aka biya, da ciko, da ranar miƙa albam. Layin ƙarshe tambaya ce: wane hoto aka yarda duniya ta gani?

Tambayar tana da nauyi a Kaduna. Bayan rikicin shekarar 2000 garin ya ƙara rabuwa, Kiristoci suka fi yawa a kudu, Musulmi a arewa, amma mai hoto yana cin abinci a ɓangarorin biyu. Ya gano cewa addini ko unguwa ba sa gaya masa amsar. Kowane gida da nasa iyaka, sai an tambaya. Dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a watan Yuni na 2023 ita ma ta ba izinin mai bayani babban matsayi.

Littafin yana kulle a durowa, kwafinsa na cikin kwamfuta saboda masu ƙwacen waya. Idan sabuwar amarya ta zo, ba ya taɓa maganar farashi sai an cike layin ƙarshe, ta sa hannu a ƙarƙashinsa.